Ɗigon Jan Farce a Gindin Kofi

Shafi na 19

Salamu alaikum. Na ga saƙonnin masu cewa na bar su a tsaye tun ranar da masu duba makaranta suka tafi. Ga yadda aka yi. Ku karanta a nutse, shafin yau ba shi da daɗi.

*

Ranar Asabar da hantsi aka tara iyayen 'yan aji shida a makarantar Alhaji Abdulbaqi, wadda mutanen Ƙofar Ran ke kira makarantar Baqi.

Kwana biyu ke nan da zuwan masu duba makarantu daga hukumar jarrabawa. Su ne za su ce ko makarantar ta isa a rubuta jarrabawar fita sakandare a cikinta, ko ba ta isa ba. Yara arba'in da ɗaya ke jiran amsa, kuma Juma'a mai zuwa za a rufe rajista.

Mas'uda ta zauna a bencin ƙarshe, gefen mata, ta tattare hijabinta a cinya. Tun shigowarta ta san ba lafiya. Ba a kawo ruwan leda ba, ba a ɗaura lasifika ba. Malam Nasiruddeen, shugaban ƙungiyar iyaye, wanda ba ka wuce shi bai ja ka da wasa ba, yau carbinsa kawai yake ja yana kallon ƙasa.

'Yarta Ni'ima tana cikin arba'in da ɗayan. Shekararta ashirin da ɗaya. Sai da ta kai goma aka sa ta a aji ɗaya, bayan rasuwar babanta Hammajoda, lokacin da suka bar ruga suka dawo cikin gari. Anti 'yan ajinsu ke ce mata, wasu da girmamawa, wasu da tsokana. Ta jure. Amma tun farkon zangon nan ta faɗa wa uwarta, ba da faɗa ba, tana ninke kaya:

"Inna, in ban rubuta bana ba, na gama. Ba zan sake zama aji ɗaya da sa'annin ƙannena ba."

Ni'ima ba ta maimaita magana.

Alhaji Abdulbaqi ya shigo da takarda a hannu ɗaya, kwali a ɗaya hannun. Malama Jemima, mai koyar da kimiyya, tana bayansa. Ya ajiye kwalin a kan tebur, ya yi gajeriyar sallama.

"Ba zan ja ku da nisa ba. Ba su amince ba."

Wata mata a gaba ta ce innalillahi a hankali.

Istifanus mai keke, baban Marvellous, ya miƙe.

"Alhaji, ba su amince ba kamar yaya? Sawu shida na yi ina ɗauko kayan nan. A Wunti na sauke fasinja, matar tana zagina, don in je Inkil in ɗauko muku kwalabe."

"Zauna, Baban Marvellous."

"Ba zan zauna ba. Bencin ma bai ɗauke ni ba."

Alhaji ya buɗe kwalin, ya ciro kofin gilashi irin na ɗakin gwaje-gwaje, ya kifa shi, ya ɗaga sama. A gindinsa akwai ɗigo ja, ƙarami kamar ƙwayar dawa.

Ya ciro na biyu. Kore.

Ya ciro na uku. Shuɗi.

"Wa ya yi wannan?"



Mas'uda ta san ɗigon nan. Ranar Laraba ta yi su, da hannunta.

Makarantar Baqi ba ta da kayan gwaje-gwaje. Ɗaki ne dai da aka rubuta sunan a ƙofarsa. Da labari ya zo cewa masu dubawa na tafe, aka yi taron iyaye, aka yanke shawarar a aro kaya daga makarantu uku, ɗaya a Yelwa, ɗaya a Inkil, ɗaya a hanyar Jos, a jera su kwana ɗaya a mayar. Maza suka ɗauki jigila da fenti. Mata aka ba su shara da wanki da jere.

Mas'uda aka ɗora a kan matan, don kowa a Ƙofar Ran ya san ita ke riƙe kwanukan biki. In za a yi aure ko suna, gida goma za su ba da aron kwano da faranti, ita za ta karɓa, ta ɗiga wa na kowane gida alamarsa a gindi, in an watse ta mayar wa kowa nasa.

Malam Nasiruddeen ya miƙa mata takarda ya ce, "Maman Ni'ima, amana ce. Kada kayan mutane su cakuɗe." Ita ba ta iya karatu ba, Ni'ima ce ta karanta mata. Lissafi ne kawai a takardar, kofi kaza na nan, kaza na can. Su kuwa kofunan duk kamarsu ɗaya. Sai ta aika aka sayo mata jan farce kala uku.

"Na ce wa ya yi wannan?" in ji Alhaji.

Matan da suka yi aikin tare da ita suka sunkuyar da kai.

"To. Malama Jemima, gaya musu abin da ya faru. Kada ki rage komai."

Malama Jemima ta matso. Idanunta sun kumbura.

"Shugabar tawagar mace ce, Hajiya Rabi'atu. Dattijuwa ce, 'yar cikin gari. Sun duba azuzuwa, sun duba ban-ɗaki, ba ta ce komai ba. Da muka shiga ɗakin gwaji har yabawa ta yi. Ta ce ta daɗe ba ta ga ɗaki mai tsabta haka ba."

"Sai me?" in ji Istifanus.

"Sai ta ɗauki kofi ɗaya tana juya shi muna hira. Ta kifa. Ta ajiye. Ta ɗauki wani, ta kifa. Ta ɗauki na uku. Sai na ga ta cire tabarau tana murmushi. Ta ce min, Malama, bikin wa aka yi a nan?"

Wani a gefen maza ya yi dariya, ya haɗiye ta da tari.

"Na ce ban gane ba, Hajiya. Ta ce, ja na gida ɗaya, kore na wani gida, shuɗi na wani. Ta ce 'ya'ya huɗu ta aurar, ba za a koya mata wannan ba. Mazan da ke tare da ita ba su ma lura ba, sai da ta nuna musu. Ta sa aka ware kayan kashi uku a kan benci. Ta ce abin da ba shi da ɗigo, shi ne namu."

"Nawa ya rage?"

"Kofi biyu, ɗaya ya tsage. Sikeli ɗaya. Da bokiti."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Mas'uda ta dafa bencin gabanta ta miƙe.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Duk ajin ya juyo.

"Ni na ɗiga."

Alhaji ya dube ta ya daɗe.

"Ke? Wa ya sa ki?"

"Babu wanda ya sa ni. An ce kada kayan su cakuɗe. Na ga in aka jera su wuri ɗaya, babu mai iya gane na wane. Shekara goma ina riƙe kwanukan mutane, cokali ɗaya bai taɓa zuwa gidan da ba nasa ba."

"Baiwar Allah, wannan biki ne?"

"Aro ne dai, ranka ya daɗe."

Ba ta faɗa don ta ƙona masa rai ba. Amma fuskarsa ta canza.

Sa'adiyya, wadda ɗanta ke ajin, ta juyo daga bencin gaba. Tare suka yi wankin ranar Laraba, ita ce ma ta riƙa hura wa ɗigon iska don ya bushe.

"Ni tun a ranar na ji abin bai kwanta min ba."

"Ke kika ce a ƙara wa koren don bai fito ba, Sa'adiyya."

"Ni dai ba ni na kawo shawarar ba. Kowa ya san abin da ya iya. Ke kwano kika iya, da kin tsaya a kwano."

"Ya isa haka," in ji Malam Nasiruddeen. Muryarsa a dushe take. "Ni na ba ta aikin. Ban gaya mata a ɓoye ake so ba, na ɗauka kowa ya gane. Kuma ranar da aka kawo maganar aro, a ajin nan, duk mun ɗaga hannu. Ni na ƙirga hannuwan."

"Mun ɗaga don an ce kowace makaranta haka take yi," in ji Istifanus. Ya juya wajen Alhaji. "Amma ni tambayata ɗaya. Shekara shida yarinyata tana nan. Kullum ta dawo sai ta ce an zana musu kofi a allo. Ni na ɗauka zane ne darasin. Shekara shida, Alhaji, kofi biyu?"

"Ba wannan ya tara mu ba."

"To me ya tara mu? Mu taru mu cinye matar nan?"

"Abin da ya tara mu shi ne yaranku."



Wani dattijo a gefen taga ya ce, "To mu kwashe su mu kai wata makarantar. Kafin Juma'a ai akwai kwana shida."

Malama Jemima ta dubi Alhaji. Ya kau da kai. Ta ci gaba da kallonsa har ya ɗaga mata hannu, alamar ta faɗa.

"Baba, ba zai yiwu ba. Hukuma ba ta karɓar yaro haka kawai a aji shida. Tun daga aji huɗu ake shigar mata da sunan kowane yaro da makinsa, zango bayan zango, a ƙarƙashin makarantar da aka amince da ita. Mu ba a amince da mu ba. Ba mu da inda za mu shigar."

"To namu ina aka shigar?"



"A makarantar Yelwa. Wadda ta ara mana kaya masu koren ɗigo. A takarda, 'ya'yanku ba 'yan makarantar nan ba ne. 'Yan can ne, tun shekara uku da suka wuce."

Hayaniya ta tashi. Sa'adiyya ta cire hannu daga haɓa.

"Ɗana bai taɓa taka Yelwa da sunan karatu ba."

"Sunansa ya taka," in ji Istifanus.

"Kuma ba a gaya mana ba?"

Alhaji ya buga tebur da tafin hannu.

"Da na gaya muku, da me za ku yi? Waɗanda suka fita bara da bara waccan, a ina kuke tsammani suka rubuta? Motar da nake ɗauka musu da asuba, kun taɓa tambayar ina take kai su? Kun ga sakamako, kun yi murna, kun kawo ƙannensu. Na nemi amincewar nan ne don in dawo da sunayen gida, in huta da roƙo. Ga shi an ɗiga min jan farce a kai."

Ya ja numfashi, ya sassauta murya.

"Yanzu ƙofa ɗaya ta rage. Shugaban makarantar Yelwa ya ce zai bar yaran su rubuta a wurinsa kamar kullum. Da sharaɗi. Kada sunan makarantarsa ya fito a maganar aron nan. In hukuma ta ji shi ya ara mana kaya, za ta binciki takardunsa, ta ga sunaye arba'in da ɗaya da ba su taɓa zama a ajinsa ba. Daga nan tasa santar jarrabawar ma ta tafi. Namu yaran da nasa, duk sai su koma aji huɗu a wani wuri, su sake farawa."

Aji huɗu. Mas'uda ta lissafa a ranta. Ashirin da huɗu Ni'ima za ta kai kafin ta sake zuwa inda take yau.

"Hajiya Rabi'atu ta san aro ne," in ji Alhaji, "amma ba ta san daga ina ba. Ɗigo ba ya faɗin suna." Ya ɗaga takardar. "Sun rubuta a nan, ranar Litinin ƙarfe goma in je ofishinsu, in zo da wanda ya sa alamar."

Ya dubi Mas'uda, wadda har yanzu take tsaye.

"Za ki je ki ce kayan namu ne. Sau uku muka saye su, shi ya sa kika raba musu kala. Ba ki san wata makaranta ba, ba ki ga an sauke komai daga keke ba."

"Ai ba za ta yarda ba, ranka ya daɗe. Ta gani da idonta."

"Ba sai ta yarda ba. Ni tawa makarantar ta riga ta faɗi. Abin da nake so, kada a samu bakin da ya ambaci Yelwa. In babu shaida, babu abin da za su rubuta."

"In ta ce in rantse fa?"

"Sai ki rantse."

Mas'uda ta juya wajen Malam Nasiruddeen. Shi ke jan su sallar tarawi a unguwa, shi ya raɗa wa rabin yaran ajin suna.

"Malam, ya halatta?"

Malam Nasiruddeen ya dubi carbinsa. 'Yarsa ta uku tana cikin arba'in da ɗayan. Sai ya miƙe, ya laluba takalminsa da ƙafa.

"Bari in sabunta alwala," ya ce, ya fita.

Azahar da sauran kusan awa biyu.

"Ke kika ɓata, ke za ki gyara," in ji Sa'adiyya. Yanzu ba faɗa a muryarta, roƙo ne. "Mas'uda, dubi Allah. Yaron nan tun yana aji ɗaya nake tashi da asuba ina suya saboda ranar nan. In ya so mu taya ki azumin kaffara, wallahi ni zan yi miki goma."

"Ba a yi wa wani," in ji wata daga baya.

"To ke kawo taki dabarar."

Ba ta da ita. Babu mai ita.

Mas'uda ta bi fuskokin da kallo. Duk ta san su. Ta shiga gidajensu da buhun kwanuka a ka, ta san wanda ke da faranti mai fure da wanda nasa ya ci wuta. Babu wanda ya ce mata kada ta yi. Waɗanda suka fi jin kunya suka kalli allo.

"To," ta ce.

"To me?" in ji Alhaji. "Ki faɗa kowa ya ji."

"Zan je. Zan ce naku ne."

Aka shafa fatiha a gaggauce. Mutane suka fita ba tare da sun tsaya gaisawa a bakin ƙofa ba.

Istifanus ya tsayar da kekensa a gabanta.

"Shigo in sauke ki, Maman Ni'ima."

"Kusa ne, zan taka."

"Na san kusa ne. Shigo."

Ta shiga. Sun wuce masu sayar da rake, sun shiga lungu. Sai da ya tsaya a ƙofar gidansu ya yi magana, bai juyo ba.

"A coci an koya mana kada a yi shaidar zur. Na san ku ma haka ne. Tun a ajin nake so in ce miki kada ki yi."

"Me ya hana ka?"

"Marvellous."

Ta sauka. Ya ja kekensa a hankali.

A tsakar gida ta tarar da Ni'ima zaune a tabarma da tire a cinya, tana tsintar wake. Ranar Asabar irin wannan lokacin littafi ne ke cinyarta, ko kiranta aka yi sai an yi sau uku. Yau ko jakarta ba ta waje.

"Sannu da dawowa, Inna."

"Yawwa. Ba ki karatu?"

"Marvellous ta kira ni. Babanta ya turo mata saƙo tun kuna ciki. Ba su amince ba."

Mas'uda ta zauna a bakin tabarmar, ta cire hijabi. Ta ja tiren gabanta, ta fara tsinta ita ma, don hannunta ya sami abin yi.

"Akwai hanya. Za ku rubuta a Yelwa. Ashe sunayenku ma can suke tun aji huɗu, ba a gaya mana ba."

Hannun Ni'ima ya tsaya.

"Yelwa?"

"Mai koren. Shugabansu ya yarda, in dai ba a ji sunansu a maganar aro ba. Litinin zan je ofishin hukuma da Alhaji. Zan ce kayan na makarantarku ne."

"Ƙarya za ki yi?"

"Zan yi."

"Inna, ke da ko cinikin daddawa ba kya rantsuwa."

"To yanzu zan koya. Ni na ja, ba ke ba. Shekara goma sha ɗaya kina sa farin hijabin nan yara na ce miki Anti. Ba zan bari ɗigon jan farce ya cinye su ba. Abin da ke tsakanina da Allah, ki bar min."

Ni'ima ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya tana murza ta tsakanin yatsu har ɓawon ya fita.

"Ki je ki ɗauko littafinki," in ji Mas'uda.

"Inna."

"Na'am."

"Ranar Alhamis, bayan an ware kayan, Hajiyar ta ce malamai su fita. Ta tsayar da mu biyar. Ta ba ni madubin duba ƙwayoyin cuta, ta ce in nuna mata yadda ake saita shi. Ban san ta inda ake kallo ba. Ranar na fara taɓa shi."

"Ta yi miki faɗa?"

"A'a. Da faɗa ta yi da ya fi. Ta sallami sauran. Ta tambayi shekaruna, na faɗa mata. Ta tambayi sunan babana. Da ta ji, sai ta juya harshe ta gaishe ni da Fulatanci. Ta ce ita ma sai da ta yi wayo aka sa ta a boko. Ta ce ta san zaman aji da ƙananan yara."

Mas'uda ta daina tsintar.

"Ta ce cutarmu ake yi, mu da iyayenmu. Ta ce in ana so a gyara, sai an san gaskiya. Sai ta ce, wannan ɗigon hannun mai tsabta ne, na wace ce?"

"Kika ce?"

"Na ce na Innata ne. Ban ga abin kunya a ciki ba. Ke kaɗai kika yi aikin gaskiya a ɗakin nan."

"Shi ke nan? In iya nan ne babu komai, ai ni ma na faɗa da bakina yau."

Ni'ima ta ajiye ƙwayar waken a gefen tire.

"Ta ce kowace kala ta ina ce."

Iska ta ɗaga ledar da ke kan igiyar shanya, ta sauke. A maƙwabta wata na daka.

"Ni na karanta miki takardar ranar Laraba, Inna. Na san sunayen."

"Duka ukun?"

"Duka."

"Har koren?"

"Shi ta fara tambaya. Ban san sunayenmu na can ba. Wallahi ban sani ba. Na ɗauka in ta ga ba laifinmu ba ne, za ta nema mana wurin da za mu rubuta. Ta rubuta abin da na faɗa, ta karanta min, na sa hannu."



"Ba tambayarki za su yi ranar Litinin ba," in ji Ni'ima. Muryarta ba ta rawa, idonta ne kawai ya cika. "Takardata za su ajiye miki. In kin ce gaskiya ce, Yelwa ta tafi, mu arba'in da ɗaya da nasu yaran. In kin rantse kayan namu ne, to kin rantse ni na yi ƙarya a gaban hukuma. Kin san abin da ake yi wa sunan ɗalibar da ta yi haka."

"Wa kika gaya wa?"

"Babu kowa. Kwana biyu ina neman ta inda zan fara gaya miki."

"Ko Marvellous?"

"Ko ita."

Wayar Mas'uda ta fara ƙara a cikin hijabin da ta ajiye. Ta laluba ta ciro. Ba ta iya karanta sunan ba, ta juya wa Ni'ima fuskar wayar kamar yadda ta saba.

Ni'ima ta duba.

"Alhaji Abdulbaqi ne."

Mas'uda ta ɗauka. Bai yi sallama ba. Tana jin hayaniyar mutane a bayansa, har da muryar Sa'adiyya.

"Maman Ni'ima, yanzu shugaban makarantar Yelwa ya kira ni. An kai masa takarda daga hukuma, shi ma Litinin ƙarfe goma. Sun san sunansa. Sun san kalarsa."

Alhaji ya ci gaba.

"Malamai sun rantse min ba su ba ne. Malama Jemima ta ce yara biyar aka tsayar a ɗakin, aka saki huɗu, aka riƙe ɗaya. Ta ƙi faɗa min wace ce. Iyayen huɗu suna nan tare da ni, sun kira 'ya'yansu."

Ni'ima na kallon bakin uwarta.

"Ki ba ni 'yarki a waya," in ji Alhaji.